Lorna Trembath Ba Ta Sayar Ba

A garinmu Kalgoorlie mutum na iya tsiyacewa sau uku a kan hannun jari, babu mai ɗaga kai ya dube shi. Za ma a saya masa abin sha a kulob, a dafa kafaɗarsa, a ce kowa ya taɓa. Garin haƙar zinariya ne, kuma yawancin ramukan da suka kewaye shi ba a sami komai a cikinsu ba. Abin da ba ma yafewa shi ne mutum ya sayar da wuri. Wannan kam har bakin kabari ake raka mutum da shi, kuma haka aka raka mijin Lorna Trembath.

Col sunansa, direban babbar motar kwasar duwatsu. A 1969, shekarar da garin ya haukace a kan ƙarfen nikel, yana da 'yan hannayen jari a wani ƙaramin kamfanin neman ma'adini. Farashi ya ninka biyu. Lorna na da tsohon ciki, zafi ya kai inda ya kai, madara ba ta kwana a gidansu. Sai ya sayar, ya sayo firiji da gadon jariri. Kafin wata biyu farashin ya ninka arba'in. Daga ranar sunansa ya koma Col Firiji, kuma ya amsa shi shekara ashirin da bakwai yana murmushin da bai kai ciki ba. Ranar jana'izarsa amininsa Stan Marinkovich ya tashi ya yi jawabi mai kyau, har da hawaye, amma bai zauna ba sai da ya sako firijin. Jama'a suka yi dariya, irin ta ƙauna. Lorna ba ta yi ba.

Ita kuwa shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin gwajin ma'adini. Ana kawo mata dutse a ƙananan buhuna, a niƙe shi, a narkar da shi tare da dalma, a yi ta ƙonawa har abin da ya rage bai fi kan allura ba. Wannan ɗan ɗigon take ɗorawa a ma'auni ta rubuta abin da ta gani. Manyan maza sun tsaya a bakin tagarta riƙe da hula suna jiran lamba ɗaya, kuma ba ta taɓa ƙara wa kowa ko ƙwayar ƙura don tausayi ba. Sau biyu a rayuwarta ta kama waɗanda suka barbaɗa garin zinariya a cikin buhu don su ruɗi masu saye. Ba a cika son ta ba, amma idan ta rubuta lamba babu mai musu.

A 1998 farashin zinariya ya faɗi, aka rufe ɗakin gwajin, aka sallame ta da agogon bango. Gidan da take ciki a unguwar Boulder na haya ne, na gwamnati. Maƙwabtan dama suka koma arewa neman aiki, na hagu suka bi su, aka bar ta tsakanin gidaje biyu masu rufaffun tagogi. Ta kan tashi da sassafe kamar mai zuwa aiki, ta shayar da shukokin tumatir huɗu, ta kunna rediyo, shi ke nan yini ya miƙe a gabanta ba abin sa wa a ciki. Akwai makon da ta lura tun Lahadi ba ta yi magana da kowa ba, sai ta ce wa butar shayi "to, tafasa mana" don ta ji ko muryarta na nan. Kaɗaici ya dame ta ƙwarai, amma ba irin matan da ke faɗa ba ce.

'Yarta ɗaya, Narelle, tana Perth, babban birnin jiharmu, da mijinta Warwick da 'yarsu ƙarama, tafiyar awa bakwai a jirgin ƙasa. Duk Lahadi take bugo waya. Ita ce ta kawo maganar ɗaki.

"Mama, bayan gidanmu akwai fili. Ɗaki ɗaya da falo da ɗan kicin, ƙofarki daban, babu mai takura miki. Warwick har ya kafa turaku ya ja igiya, kusa da bishiyar lemo."

"Nawa?"

"Kullum ke sai nawa. Magini ya ce dala dubu sittin."

"To ku cire turakun kada yarinya ta yi tuntuɓe."

Ba su cire ba. Narelle ta aiko da hotonsu: turaku huɗu, farar igiya, jikar tana tsaye a tsakiya tana ɗaga hannu. Su Narelle bashin gida ya sha musu kai, Lorna kuma abin da ta ajiye bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Duk da haka ta manna hoton a ƙofar firiji, inda za ta gan shi duk lokacin da ta ɗauko madara.

A cikin akwatin takalma, a saman durowa, akwai wata takarda da Col ya bari. Hannayen jari dubu ɗari uku ne a wani kamfani mai suna Saltbush Deeps, ya saye su a ƙarshen rayuwarsa santi biyu biyu (santi ɗari ke yin dala ɗaya), da rantsuwar cewa waɗannan kam ko zai mutu ba zai sayar ba. Ya kuwa cika alkawari. Kamfanin bai mallaki komai ba sai wani rami cike da ruwan gishiri da ofis mai ɗaki ɗaya a Perth.

Watan Oktoba na 1999 sai ga wasiƙa. Kamfanin ya bar haƙa, ya koma Saltbush Online. Zai riƙa sayar wa mutanen ƙauyukan nesa kaya ta intanet, tun daga sabulu har tayar mota, ya kai musu har ƙofar gida kyauta. Ba shi kaɗai ba ne. A shekarar nan matattun kamfanonin haƙa da yawa sun wayi gari sun wanke fuska sun ce su 'yan intanet ne, mutanen da bara ba su iya kunna kwamfuta ba. Lorna ta karanta, ta ninke, ta mayar cikin akwatin.

Bayan mako uku wayarta ta yi ƙara ranar Laraba, abin da ba ta saba yi ba. Stan ne.

"Matar abokina, kina raye? Takardun nan na Col, kina da su ko kin kunna murhu da su?"

"Suna nan. Me ya faru?"

"Santi tara. Ki zo kulob ranar Juma'a, a kafa miki kujera."

Duk Juma'a da rana tsofaffin mahaƙa biyar ko shida ke zama a teburin kusa da taga, da shafin kasuwa na jarida a shimfiɗe, kowa da gilashin karatunsa. Col ya zauna a teburin nan shekaru, a kujerar gefe. Lorna ba ta taɓa zama ba. Ranar da ta shiga, Stan ya miƙe da ƙyar, ya ja mata kujera a tsakiya, wani ya kawo mata lemo mai ƙanƙara. Suka yi ta tambayarta ra'ayinta kamar dā, lokacin da take bayan taga. Ta ji daɗin da ta manta akwai irinsa.

Amma dai sai da ta tambaya.

"Na karanta takardarsu. Ina ribar?"

Stan ya cire gilashi ya dubi sauran. "Kun ji ta ko? Shekara talatin tana auna dutse, yau take tambayar riba. Lorna, wane kamfanin nema kika taɓa gani ya ci riba yana cikin haƙa? Kuɗi ake zubawa a rami tukuna. Abin tambaya shi ne me ke ƙarƙashin ƙasa."

"To me ke ƙarƙashin ƙasar?"

"Mutane. Masu saye dubu goma sha biyu watan jiya, wannan watan dubu ashirin. Su ne zinariyar. An gano su, an ƙidaya su, haƙo su kawai ya rage."

Maganar ta zauna wa kowa a teburin, don da wannan ma'aunin muka tashi. Mu kamfanin da ba ya riba bai taɓa ba mu tsoro ba, irinsa muka sani tun muna yara. Lorna ta ce ita ba ta rubuta lamba sai ta ga samfur. Aka yi dariya, aka ce to ta je ta gwada.

Akwai tsohuwar kwamfuta da Narelle ta ba ta don aika saƙo, tana lulluɓe da mayafin tebur. Ta yaye, ta jona ta da layin waya, ta saurari kukan da take yi kafin ta shiga intanet. Awa guda ta ɗauka kafin ta yi odar kwalin ganyen shayi ɗaya na dala huɗu.

Ranar Alhamis farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Wata mata mai jiki ta fito, shekarunta za su kai hamsin, hannunta na dama duk rana ta ƙone shi saboda tuƙi.

"Ke ce mai shayin? Ni ce Trish. Na ɗauko shi tun daga Perth kamar ɗan sarauta, ki sa hannu a nan."

"Shigo ki sha wanda kika kawo."

Trish ta dubi agogo, ta shigo. Minti goma sha biyar ta zauna, kuma bakinta bai huta ba: ciwon bayanta, tsohon mijinta mara mutunci, karenta Biskit da ke jira a mota. Lorna ta tambaye ta ina ta nufa daga nan.

"Laverton, uwata. Kilomita ɗari uku da wani abu. Kin san me zan kai? Buhun abincin kare ɗaya da batir guda takwas."

"Su biya nawa na kawowa?"

"Ko sisi. Kyauta ce, haka masu ofis suka ce. Ni dai tuƙi ne nawa."

Bayan ta tafi Lorna ta zauna da fensir a bayan ambulan. Ba ta jima ba. Man mota, albashin Trish, kwali, sito a Perth: duk kofin shayin da za ta sha daga kwalin nan, kamfanin ya yi asara a kansa. Kuma masu saye na ƙaruwa, wato asarar na ƙaruwa. Da dutse aka kawo mata mai irin wannan sakamako, da ta rubuta "babu" ta ja layi biyu a ƙasa.

Mako na gaba ta yi odar sabulu. Na bayansa ƙwan fitila. Tana da sabulu, tana da ƙwan fitila, amma ranar Alhamis ta zama rana mai suna a cikin makonta, kamar Juma'a da Lahadi. Ta kan gasa burodi tun da safe, ta fito da kofi biyu.

Cikin Janairu farashi ya taɓa santi ashirin. Ba ta buƙaci fensir ba: dubu sittin cif. Ta tsaya gaban firiji tana kallon turakun nan huɗu har ƙafarta ta gaji. Ta nemo lambar dillalin hannun jari a Perth ta rubuta a kan kalanda. Da ta buga a ranar, da labarin ya ƙare a nan, kuma da ba ni da abin ba ku. Amma ranar Alhamis ce, ga Trish na tafe, gobe kuma Juma'a. Ta ce bari ta gaya wa su Stan tukuna, don ladabi.

"Ina jin zan sayar," ta ce, bayan an kawo lemo. "Ya kai abin da nake nema."

Sai Stan ya buga cinya.

"Ai na manta gidan da kika fito. Jama'a, gidan Firiji ne. Wannan karon me za a sayo, injin wanki?"

Ba da mugunta ya faɗa ba. Stan bai san yana da mugunta ba, abin da ya sa tasa ta fi ciwo ke nan. Suka yi ta dariya har ɗayansu ya sarƙe da tari. Lorna ta yi murmushi, kuma tana yi ta gane murmushin wane ne a fuskarta. Ta tuna Col yana dawowa daga teburin nan duk Juma'a, ya rataye hula, ya buɗe firijin, ya tsaya yana kallon cikinsa ba tare da ya ɗauki komai ba.

"Wasa nake yi," ta ce. "Na ga ko kuna barci ne."

Fabrairu ya wuce da santi talatin, Maris ya shigo da arba'in da biyar. Yanzu kwamfutar ba a lulluɓe ta. Tun buɗe kasuwa har rufewa Lorna na gabanta tana kallon lamba na motsi, kuma muddin kwamfuta na kan layi, wayar gida ba ta shiga. Kwana uku Narelle na nema tana jin layi a cike. Rana ta huɗu ta dace.

"Mama, na kusa kiran 'yan sanda su leƙa ki. Da wa kike hira haka?"

"Da babu kowa. Injin nan ne."

"To ji. Magini ya ce farashin da ya ba mu zuwa ƙarshen wannan watan ne, bayan nan ya kama wani aikin. Warwick ya duba jarida, ya ce abin da kike da shi ya isa har ya yi saura. Ki sayar mana."

"Rahoton kamfanin na wata uku na fitowa ƙarshen Afrilu. Ba a sayarwa ana jiran sakamako, Narelle, ke ma 'yar garin nan ce."

"Ni na bar garin nan saboda irin wannan maganar. Ko rabi ki sayar."

"Mako huɗu kawai. Idan rahoton ya fito, ɗaki biyu za mu gina, yarinya ta riƙa kwana wurina."

Ana jin ƙarar famfo a bayan Narelle.

"Mama, ni ba ɗaki biyu nake so ba. So nake in leƙa ta tagar kicin in ga fitilarki a kunne. Na gaji da kirga kwanaki ina tunanin ko kin faɗi a banɗaki babu wanda ya sani."

"Ban faɗi ba."

"Na sani. Sai Lahadi."

Lorna ta ajiye wayar. Tana son ɗakin nan fiye da yadda ta taɓa son wani abu tun mutuwar Col. Amma tana kuma son ta shiga kulob wata Juma'a ta ajiye jarida gaban Stan, ta ce ga abin da takardun Col Firiji suka zama. Ta ɗauka za ta sami duka biyun, mako huɗu ne kawai.

Alhamis ta biyu a Afrilu Trish ta zo da kwalin ashana, ta zube a kujera tana fifita da takardar sa hannu.

"An ce masu sayenmu sun kai dubu casa'in," in ji Lorna. "Motarki kuwa ban ga ta ƙara nauyi ba."

Trish ta tuntsire da dariya. "Dubu casa'in ɗin har da Biskit. Duk wanda ya rubuta sunansa a shafin ana ba shi takardar rangwamen dala goma, ko ya saya ko bai saya ba an ƙidaya shi. Na rubuta kaina, na rubuta ƙanwata, na rubuta kare. Malam Biskit, mazaunin Boulder. Har wasiƙar barka da zuwa suka aiko masa."

Lorna ba ta yi dariya ba. Ta san sunan wannan abin a tsohuwar sana'arta, ta kama shi sau biyu a cikin buhu. Da Trish ta tafi ta je gaban kalanda ta dubi lambar dillalin, har ta ɗaga wayar. Sai ta tuna saura kwana goma sha biyar rahoto ya fito, kuma gobe Juma'a, za a tambaye ta. Ta mayar da wayar. Washegari ta zauna a kujerarta ta tsakiya, ta sha lemo, ba ta ce komai game da kare ba.

Daren Juma'ar nan kasuwar Amurka ta rushe. Litinin da safe tamu ta bi ta. Kafin Lorna ta gama shayar da tumatir, santi arba'in da biyu ya koma ashirin da shida. Da azahar yana goma sha tara. Ko a lokacin, da ta sayar, da ɗan abin da ta ajiye ya cike giɓin. Ta cire kwamfuta daga layi don ta buga wa dillali, wayar ta yi ƙara a hannunta. Stan ne kuma.

"Kada ki motsa, matar abokina. Mun ga irin wannan sau nawa? Farashi ya faɗi, ya tashi. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba ya zuwa ko'ina."

A kan zinariya gaskiya ya faɗa. Kamfani na iya mutuwa, a rufe rami shekara hamsin, jikokin wasu su zo su buɗe su tarar da ita tana kwance inda aka bar ta. Da wannan muka saba, shi ya sa haƙuri ya zame mana addini. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa mutane suna da ƙafafu.

Ta riƙe. Rahoton ya fito a ranar da aka ce: masu saye sun ninka, kuɗin da ya rage a asusu na wata biyu ne. Kamfanin ya sa kuɗin kawowa, dala goma sha biyar kowane kaya, kuma cikin mako uku dubu casa'in ɗin nan suka watse, kowa ya koma kantin garinsu. Lorna na cikin 'yan kaɗan da suka ci gaba. Ta biya dala goma sha biyar sau huɗu don a kawo mata abin da ke kanti a ƙarshen layinsu. A Yuni aka dakatar da cinikin hannayen jarin a kan santi ɗaya da rabi, ba a kuma sake buɗewa ba.

Trish ta zo Alhamis ɗin ƙarshe ba da farar mota ba, a tata tsohuwa, da katifa ɗaure a sama da Biskit a kujerar gaba. Ta sami aikin tuƙi a Port Hedland, can arewa.

"Ban kawo miki komai ba yau, uwata. Sallama na zo."

"Shayin dai za ki sha."

Ta sha a tsaye. Ta ce za ta rubuto, kuma ta rubuto sau ɗaya, kati mai hoton jirgin ruwa.

Ranar Lahadi Lorna ta gaya wa Narelle da bakinta, kamar yadda take karanta wa mahaƙa sakamako, ba ƙari ba ragi. Narelle ba ta ce na gaya miki ba. Ta ce, "To, Mama. Kin ci abinci?" Da ta yi mata faɗa, da ya fi sauƙi.

A kulob kuwa karɓar girma aka yi mata. Stan, wanda ya rasa fiye da nata, ya miƙe ya ɗaga kofi ya ce Lorna Trembath ta riƙe har ƙasa kamar namiji, ita ce 'yar garin nan ta gaskiya. Aka tafa. Daga ranar ba wanda ya sake ambaton firiji, ko a gabanta ko a bayanta. Abin da ta nema wa Col ta samo masa. Sai dai teburin bai daɗe ba. Babu lambar da za a duba, zaman ya yi ta raguwa, ɗaya ya kwanta asibiti, Stan kuma ɗansa ya zo ya ɗauke shi zuwa Mandurah, can bakin teku, kafin bazara. Wata Juma'a Lorna ta je ta tarar an ɗora kujeru a kan teburin ana goge ƙasa.

Da Kirsimeti ta hau jirgi zuwa Perth. Sun karɓe ta da murna, jikar ta maƙale mata a wuya. Narelle na da ciki wata shida, ɗan ɗakin ɗinkin da ake saukar baƙi an yi masa fenti an sa gadon jariri, don haka a kujerar falo Lorna ta kwana biyar. Safiya ta biyu ta fita bayan gida da kofinta. An cire turakun, an kafa lilo a wurin. Ta yi ta dubawa a cikin ciyawa har ta gano ramukan, uku daga cikin huɗu, kowanne bai fi faɗin babban yatsa ba. Ta tsaya a inda ta ƙiyasta ƙofa za ta kasance, ta juya ta dubi gidan. Daga nan ana ganin tagar kicin sosai, ga Narelle tana wanke-wanke, kanta a sunkuye.

Ta koma Boulder ranar ashirin da takwas ga wata, cikin zafin da ke narkar da kwalta, don mu a nan ƙarshen shekara lokacin zafi ne. Tumatir biyu sun mutu. Gidan ya yi tsit, in ban da gurnanin da ya saba fitowa daga kicin. Ta ajiye jaka, ta ɗora buta a wuta, ta buɗe firiji. Madarar gwangwanin da ta bari tana nan da sanyinta, har sanyin na cizon hannu.

Ta daɗe tsaye riƙe da ƙofar, sanyin na bugun ƙafafunta. Shekara talatin da ɗaya ke nan wannan abin yana aiki dare da rana. A cikinsa aka ajiye madarar Narelle tana jaririya, da abincin da Col ke tafiya da shi aiki, da maganinsa a watannin ƙarshe. Mutanen da suka yi masa dariya, yawancinsu sun riƙe nasu takardun har suka zama abin kunna murhu. Shi ya san abin da yake so, ya ga kuɗinsa sun kai, ya je ya saya. Ita ce mai ma'auni a gidan, kuma ba ta taɓa gaya masa cewa daidai ya auna ba.

Buta ta fara kuka. Ta rufe firijin, hoton turakun ya dawo daidai fuskarta, da yarinyar a tsakiya tana ɗaga hannu. Ba ta cire shi ba. Ta buɗe kabad, hannunta ya ɗauko kofi biyu kamar yadda ya saba, ta mayar da ɗaya.